Wa Ya Karɓi Taɓarya Daga Hannun Iyayenmu Mata?

'Yan uwa mazauna Abuja da kewaye, na Kubwa da Gwagwa da Dei-Dei da Nyanya, har da na Mararaba da Masaka masu kwana a Nasarawa su wuni a birnin tarayya. Yau ba maganar kasuwa zan yi ba, maganar cikin gida ce.

Akwai wani zance da ya zama ruwan dare a majalisun maza a garin nan, musamman bayan isha'i in an zauna wurin mai shayi. Wai matan yanzu sun samu sauƙi, ba daka, ba niƙa, ba zuwa rafi, amma kullum kukan gajiya suke yi a kan yara biyu ko uku, alhali kakanninmu sun haifi goma sun rene su ba tare da injin markaɗe ba. Rabin zancen gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa sai an waiwaya an dubi yadda gidan Bahaushe yake a da, da abin da ya same shi da aka cire shi daga Kano ko Katsina ko Zariya aka dasa shi a ɗakin haya a gefen Abuja.

Mu fara da tuwo, tunda shi ne abin da ya fi cin lokacin mace a ƙasar Hausa. Mai karatu, in ka taso ka tarar ana sayo gari a leda, ba lallai ka san matakan da damin gero yake bi kafin ya zama malmala ba. Maigida zai fito da dami daga rumbu. A yi sussuka a turmi, a yi shiƙa iska ta kwashe ƙaiƙayi. Sannan a yayyafa ruwa a yi surfe don a raba tsaba da dusa, a bakace a faifai, a wanke, a baza ya sha iska. Bayan nan ne ake komawa turmi a yi daka, ko a durƙusa a gaban dutsen niƙa. A tankaɗe da rariya, tsakin da ya rage a mayar turmi. Duk wannan fa ba a hura wuta ba tukuna, balle a yi talge a ɗauki muciya. Fura kuma tata hidimar daban, domin sau biyu take shiga turmi, kafin dahuwa da bayanta. Miya ma haka: kuka a daka, kuɓewa busasshiya a daka, daddawa kuwa aikin kwanaki ce tun daga dafa kalwa har a rufe ta ta nuna a kirɓa. Ruwan da za a yi wannan duka da shi da guga ake jawo shi. Kuma gobe da safe a sake daga farko, saboda garin da aka jiƙa hatsinsa ba ya jure ajiya.

Ina yaro yake a duk wannan lokaci? Yana baya. Zane da majanyi su ne dabara ta farko da mace ta samu ta haɗa reno da aiki, kuma har yau babu wani abu da aka ƙera da ya ture su. Motsin da jikin uwa yake yi in tana daka shi ne yake sa jariri barci.

To amma abin da 'yan majalisa suke mantawa shi ne ba mace ɗaya ce take wannan aikin ba. Gidan gandu ne: uba da 'ya'yansa maza da matansu duk a cikin katanga ɗaya. Turmi ɗaya mata biyu ko uku suke zagaye shi suna lugude. In akwai kishiya, kwana bibbiyu ake yi, wadda ba ta da girki ta samu kwana biyu tana kaɗi ko saƙa ko sana'arta, in su huɗu ne kuwa kwana shida ke nan ba ta taɓa muciyar gida ba. Ban ce kishi daɗi gare shi ba, wannan wata magana ce, lissafin lokaci kawai nake yi. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, a tafi goyon ciki. Mai jego kwana 40 ba abin da take yi sai wanka da shan kunun kanwa da shayarwa, tsofaffi ne suke dafa ruwa su yi wa jariri wanka. In lokacin yaye ya yi, wajen shekara 2, a kai yaro wurin kaka ya manta da nono, wani ma a can zai girma. Ga kunyar ɗan fari da take sa uwa ta sakar wa wasu renonsa, ga riƙo, inda goggo ko inna za ta ɗauke ɗa guda ɗungurungum. Hausawa da suka ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, abin da suke gani a tsakar gida suka faɗa.

Wanda yake son ganin hoton wannan zamani ya nemi labarin Baba ta Karo, wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau da ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith tarihin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. Ita Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi ta aurar da su. A labarin nata akwai wani abu da ba mu cika son tunawa ba, wato rinji da bayi. A gidajen masu hali na ƙarni na 19, sarakuna da attajirai da manyan malamai, uwargida ba ta zuwa gona, ba ta zuwa itace, nauyin daka da ɗiban ruwa a kan bayi mata da kuyangi yake. Turawan mulki sun shelanta cewa duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, amma bautar kanta ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Da bayi suka watse aikin bai watse ba. Ya koma kan matan gida, ko kan talakawan mata masu yin dakau da wankau a biya su da kuɗi ko da dusa da tsaki.

Sai kuma yara. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta lura cewa babbar kasuwar garin a cikin gidaje take ci, matan kulle suna sayar da hatsi da abinci ba tare da sun leƙa zaure ba. Wata 'yar Amurka, Enid Schildkrout, ta ga irin wannan a birnin Kano a shekarun 1970, ta kuma nuna ƙafar da abin yake tsaye a kai: yara. Su ne masu talla, su ne masu cefane, su ne masu kai niƙa da kai saƙo, yarinya 'yar shekara 7 kuma ita ce mai goyon ƙaninta. Wannan ciniki na gida-gida shi kansa hanyar rage aiki ce. Gidaje da yawa a birni sau ɗaya ake girki, tuwon dare. Da safe a sayi koko da ƙosai, da rana a sayi ɗanwake ko dambu ko fura daga maƙwabciya. Mace ɗaya ta dafa wa gida ashirin, sauran su huta, ita kuma ta tara na kayan ɗakin 'yarta. Da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a watan Satumba na 1976, ɗaya daga cikin dalilan da suka sa iyaye mata suka ja baya da sa 'ya'ya mata shi ne wannan. Makaranta tana ɗauke musu hannu da ƙafa ne daga safe zuwa azahar.

Ka ga ke nan, mai karatu, duk lokacin da aka ce aiki ya ragu wa wata mace a tarihinmu, in ka duba da kyau za ka tarar an sauke shi ne a kan wani ɗan Adam: baiwa, ko kishiya, ko kaka, ko ƙaramar yarinya. Abu na farko da ya karɓi aikin bai ɗora wa kowa ba shi ne inji. Birnin Kano ya samu ruwan famfo daga Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Injin niƙa mai amfani da baƙin mai ya bazu a birane bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya ratsa ƙauyuka a hankali, musamman da kuɗin fetur suka shigo a shekarun 1970. Tsofaffi sun yi ta ƙorafi cewa tuwon inji ba ya ɗanɗano irin na turmi, wasu magidanta ma suka ce ba za su ci ba. Sun ci. A ganina babu wani abu da ya shigo ƙasar Hausa a ƙarni na 20, har da mota da rediyo, da ya canza yinin mace kamar wannan inji mai ƙara da hayaƙi a bakin layi.

Yanzu mu dawo nan inda muke zaune. Hausawa ba baƙi ba ne a wannan yanki gaba ɗaya. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya lokacin jihadi ya sauka wajajen Zuba, ɗan uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Wannan gari shi ne Suleja ta yau a Jihar Neja, wanda ya ba sabon birni sunansa ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Waɗancan Zage-zagi da gidajensu suka zo, da mata da bayi da dangi, suka zauna cikin Gbagyi da Koro da Gwandara da Gade. Matan Gbagyi masu ɗaukar kaya a kafaɗa su ne suke kawo itace da doya kasuwa, tukwane da randunan ƙasar nan kuma sun shahara. Matar da ke bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, gwanar ginin irin waɗannan randuna ce na ajiye ruwa kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, a 1954.

Zuwanmu na biyu daban yake. Janar Murtala Muhammad ya sanar da kafa sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Babangida ya taso daga Legas ya tare ranar 12 ga Disamba, 1991. Tsakanin waɗannan shekaru Hausawan da suka cika wurin maza ne zalla: lebura, mai gadi, mai shayi, mahauci, ɗan tireda, ɗan canji, mai facin taya. Iyali suna gida, a je a gan su da salla ko da damina. Mahaifina yana cikin waɗanda suka zo bayan tarewar gwamnati da 'yar tiredarsa, kuma ya yi shekaru yana kwana a shago kafin ya kama ɗaki ya ɗauko mahaifiyata. Haka akasarin gidajenmu suka fara. Mace ɗaya, ɗaki ɗaya ko ciki da falo, a gidan haya mai ɗakuna goma da banɗaki ɗaya. Ba suruka, ba facala, ba kaka. Mai mata biyu ma sau da yawa ɗaya tana nan ɗaya tana Funtuwa ko Gusau, ko kuma kowace da unguwarta, don haka kwanan girki ya zama na miji ne kawai, kowace mace kullum sai ta ɗora tukunya saboda 'ya'yanta.

Taswirar birnin da aka kammala a 1979 ta tanadi ruwa da wuta da titi a Garki da Wuse da Maitama da Asokoro. Madatsar ruwa ta Usuma da ke wajen Ushafa, wadda aka gina a shekarun 1980, can ruwanta ya fara nufa. Mu kuwa da kuɗin hayar cikin gari ya fi ƙarfinmu muka taru a Karmo da Gwagwa da Mpape da Lugbe da Mararaba, inda gidaje suka riga bututu isa. Nan ne ɗan ga-ruwa ya zama ginshiƙin gida. Ya cika jarka 10 ko 12 a rijiyar burtsatse ta wani mai hali, ya turo kura har ƙofar ɗaki. Hukumar UNICEF ta ƙiyasta a 2016 cewa mata da 'yan mata a duniya suna kashe awa miliyan 200 kowace rana wajen ɗiban ruwa. Matanmu na Abuja sun fita daga wannan lissafi, amma da kuɗi suka fita, kuma wanda ya karɓi nauyin shi ma ɗan uwanmu ne da ya baro gona ya zo cirani.

Makamashi ma haka ya yi ta hawa da sauka. An fara da itacen da matan Gbagyi suke kawowa, aka koma risho saboda masu gida ba sa son hayaƙi ya ɓata bango. Da kananzir ya yi wuya a shekarun 1990 aka ƙirƙiro murhun Abacha mai cin gawayi ko garin katako. Gwamnati ta janye tallafin kananzir a 2016, jama'a da yawa suka koma ƙaramar tukunyar gas. Duk macen da ta taɓa tashi da asuba tana fifita itace jiƙaƙƙe da yaro a baya yana kuka ta san abin da gas ya yi mata: ruwan wankan 'yan makaranta da shayi da ɗumame duk a cikin rabin awa. Sai dai gas ɗin ya yi tashin gwauron zabo daga 2021, tukunya mai kilo 12.5 ta haura naira 10,000 a wurare da yawa a 2022, bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuma komai ya bi sahu. Gidaje da dama suka koma gawayi, lokacin da gas ya ba mace ya sake karɓe abinsa.

Wannan shi ne bambancin sauƙin da da na yanzu. Kaka ba ta ƙara farashi. Amma dunƙulen Maggi da ya maye gurbin kirɓa daddawa, da Semovita da garin masara na leda, da tumatirin gwangwani, da taliyar Indomie da aka fara yi a Ota a tsakiyar shekarun 1990 ta zama abincin gaggawa na yara, da famfas da ya rage wankin tsumma, da mai wanki da guga, duk sauƙi ne na haya. Ran da kasuwa ta yi wa maigida kyau mace ta huta, ran da ba a yi ciniki ba ta koma bakin baho. Mu 'ya'yan 'yan tireda mun san wannan daga ɓangare biyu, domin a shago muna ganin yadda mai sayen famfas fakiti guda take komawa sayen ƙwaya ɗaya, ta ce na dare ne kawai.

Akwai kuma abin da ko da kuɗi inji bai taɓa karɓa ba, shi ne ido a kan yaro. Inji zai niƙa maka buhu, ba zai hana mai rarrafe kai hannu tukunya ba. A gidan gandu yaro ya fita tsakar gida akwai idanu goma a kansa. A gidan haya na Mararaba ƙofar gida a bakin titi take, ga babura, ga kwata a buɗe, ga rijiyar da ba murfi. Maigida ya fita tun duku-duku don ya riga cunkoson hanyar Nyanya, ba zai dawo ba sai bayan isha'i. Manyan yaran da a da su ne masu reno yanzu suna boko da safe, Islamiyya da yamma, kuma haka muke so, babu mai hankalin da zai ce a dawo da su talla. Ga sababbin ayyuka da kakanninmu ba su sani ba: wanke kayan makaranta da goge su, shirya abincin tara, rakiya da ɗaukowa, aikin gida da malami ya bayar, layin rigakafi a asibiti. Wata malamar tarihi a Amurka, Ruth Schwartz Cowan, ta rubuta littafi a 1983 a kan irin haka a ƙasarsu, inda ta nuna cewa na'urori sun sallami masu taya uwa aiki, suka bar ta ita kaɗai da aikin da ya ƙaru. Ashe ba mu kaɗai ba ne.

Matan da suka zo da farko sun yi dabara, sun gina wani gandun da maƙwabta. Mahaifiyata tana ba da labarin gidan da suka fara zama, inda matan Hausawa huɗu da wata Banufiya da wata 'yar Tibi suke karɓa-karɓa: ɗaya ta tara niƙan kowa ta aika inji, ɗaya ta zauna da yara a inuwa, in wata ta haihu sauran su raba dafa ruwan jego tsakaninsu tunda uwarta ba za ta iya barin gida kwana 40 ta zo ba. Irin wannan zumunci shekaru yake ɗauka kafin ya kafu. Shi ya sa rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan birnin tarayya, a wurare irin su Idu da Karmo, ya ci abin da ya fi bulo da kwano. An yi ta muhawara a kan taswira da doka da diyya, amma ban taɓa jin wanda ya lissafa matan da suka wayi gari a Suleja ko Masaka cikin baƙin fuska, ba wadda za su ce wa riƙe mini shi in watsa ruwa ba.

Masu ɗan hali kuma suka koma tsohuwar hanya da sabon suna: 'yar aiki. A aika ƙauye a kawo yarinya 'yar shekara 10 ko 12 ta hannun wata dillaliya, kuɗin wata ya tafi wurin iyayenta. Ita ce shara, ita ce wanke-wanke, ita ce goyo, 'ya'yan gida su tafi makaranta ita ta bi su da kwandon abinci. Ko kuma almajiri ya yi wanki da ɗiban ruwa a ba shi ragowar tuwo. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda take aiki kai tsaye a birnin tarayya, ta hana ɗaukar yaro aikatau a gidan da ba na danginsa ba. Kowa ya san gidajen da ake yi a layinsu, kuma da yawanmu da muke zagin zamanin bauta a baki muna shan shayin da irin wannan yarinya ta dafa. Akwai gidajen da suke riƙe su da amana har su sa su makaranta su yi musu aure, ban musa ba. Amma lokacin da uwargida ta samu, daga ƙuruciyar 'yar wani aka yanko shi.

Abin da na ga yana rage aiki ba tare da an danne kowa ba ƙanana ne, kuma yawancinsu sun zo ne bayan wayar salula ta shigo a 2001. Mace ta kira ɗan ga-ruwa ko mai kayan miya ba sai ta jira yaro ya taso daga makaranta ba. Mata suna adashi su sayi firiza ko injin markaɗe na lantarki, a yi miyar mako guda ranar Lahadi, in wuta ta yarda. Ana haɗa kuɗi a sayo kwandon tumatir a Dei-Dei ko buhun masara a kai inji sau ɗaya a raba. Ma'aikata suna kai jarirai gidan reno, wasu Islamiyyu ma sun buɗe ajin 'yan shekara 3. Akwai kuma magidanta, ba su da yawa amma suna ƙaruwa, da suke sauke yara a makaranta kafin su buɗe shago, su yi wa na goye wanka ranar da ba kasuwa. A Kano wani zai ji kunyar uwarsa ta gan shi da baho a hannu. A nan uwar tana nisan awa 6 a mota, matar kuwa tana gabansa da ciki wata 8 da yaro a baya.

Turmi dai bai bar Abuja ba. Kusan kowane gidan Bahaushe akwai ƙarami a bayan ƙofa, na dakan yaji da citta da sakwarar da muka koya a wurin maƙwabta. Babban turmin surfe mai cin taɓarya uku kuwa sai gidan masu fura ko ƙosai na sayarwa, kuma ko can za ka tarar mace ɗaya ce a kansa.